Sakiya Bakwai a Ƙafar Ɗan Fari

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya shimfiɗa wa ɗan Adam abubuwa a cikin jikinsa da shi mai jikin ma bai san da zamansu ba. Ni wanzami ne a Ƙafin Maiyaki, ubana wanzami, kakana wanzami. Na fi shekara ashirin ina rataye da zabira kafin abin da zan faɗa ya faru, kuma da ka tambaye ni a lokacin, sai in ce maka babu lungun da ban sani ba a jikin mutum.

Labarin jinyar ɗana na fari ne, wadda muka yi kimanin shekara biyar kafin Turawa su miƙa mulki. Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma duk wanda ya san shi ya san yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma mutane sun ɗauka cutar ce ta bar masa haka. Ba ita ba ce, ni ne. An ce wanzami ba ya son jarfa, to yau ga ni zan yi wa kaina, ko Allah Ya sa wani ya tsira.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Ni dai na kai tawa inda har tsofaffi ke cewa na cika. Tun ran da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. Da aka yaye shi, yayata Kande ta ɗauke shi zuwa Yako, ita ta raine shi. Bai dawo gidana ba sai bayan uwarsa ta rasu, ya isa riƙe garma, aka yi masa aure da wata mai suna Abu. Gida ɗaya muke, amma in ina da magana da shi sai in faɗa wa bango: "A gaya wa wancan gobe akwai cirar gyaɗa." Yana tsugune a gabana zai ji, ya ce to, shi ma bangon yake amsa wa. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, a ganina mutunci ke nan.

Ciwon ya fara nuna kansa a ƙarshen damina. Na ga ya rame, na ga in ya sunkuya a gona sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Da wutsiyar ido na gani, ban tambaya ba. Wata ranar kasuwa muna dawowa, yana gabana, takalminsa na hagu ya saɓule, ya ci gaba da tafiya abinsa, sai da wani ya ɗauka ya bi shi da shi. Aka yi ta dariya, har da ni.

Mako guda bayan nan ƙafafun suka yi nauyi, yana jan su kamar wanda ya fito daga taɓo. Na ce mataccen jini ne. Na sa aka zaunar da shi a zaure, na kafa masa ƙaho huɗu, na zuƙe abin da na zuƙe. A mako na biyu ba ya iya tashi sai an kama shi. Nan fa masu shawara suka yi sallama. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce ya taka abin da aka binne masa a gona, wata tsohuwa ta rantse iskar tsamiyar bakin rafi ce. Aka sha rubutu, aka yi turare har kajin gidan suka ƙaurace wa ƙofar ɗakin. Abokina Jauro ya kawo man shanu da wata saiwa daga rugarsu. Ban hana kowa ba, amma a raina ina cewa ku gama wasanku, magani yana cikin zabirata. Na yi masa tsaga a gwiwa da idon sawu, na cusa garin magani. Duk aikin nan a ƙafa na yi shi, don a ƙafa na ga ciwo. Kuma duk tsawon kwanakin ban ce masa "ina ke maka ciwo" ba. Baƙon da ban taɓa gani ba nakan tambaye shi kafin in zaro aska, amma ɗana, hannuna yana jikinsa, idona yana kan azara.

A mako na huɗu ƙafafun suka kumbura, na yanke shawarar sakiya. Ga wanda bai taɓa gani ba, siririn ƙarfe ake sa wa a wuta sai ya yi ja, a soka inda ya kumbura don mugun ruwa ya fita. Na ga ƙarti masu gemu suna kiran uwarsu a ƙarƙashin ƙarfen nan. Na nemi mutum huɗu su danne shi. Da hantsi ne, a zaurena, jama'a sun cika har waje. Na soka ta farko a gwiwar dama, ƙauri ya tashi, ƙafar ta ɗan zabura, amma fuskarsa ko gezau. Ta biyu, ta uku, bai ko ƙifta ido ba, har masu dannewa suka sake shi suna kallon juna.

Jauro ya riƙe baki. "Wanzam, na ga sharo tun daga nan har dajin Doguwa, wallahi ban taɓa ganin mai dauriyar ɗan nan naka ba."

Sai kaina ya kumbura. Abin da ban taɓa yi ba na yi ranar, na yi maganarsa a gaban mutane. Na ce, "Ai jinin gidan nan ne. Wancan da kuke gani namiji ne, ko ni ban kai shi ba." Na lura ɗan nawa ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Bayan kwana biyu na ƙara masa huɗu, ta ƙarshe a bayan diddigen hagu, dab da agara. Tsakani da Allah, biyun ƙarshe ba don magani na yi su ba. Waɗanda ba su ga na farko ba ne suka zo kallo, ban so su koma haka ba.

Ba a yi kwana goma ba wuraren suka zama gyambo, fitsari kuma ya fara zubo masa bai sani ba. Labari ya kai Yako, sai ga Yaya Kande a ƙafa. Ko ruwa ba ta sha ba ta faɗa ɗakinsa. Ta jima a ciki, sannan ta fito ta same ni a zaure.

"Audu, ka duba bayan Ilu?"

"Yaya, ciwo na ƙafa, me zai kai ni baya?"

"Akwai ƙullutu a tsakiyar gadon bayansa, ya kai ƙwan zabo. Abu ta ce tun kafin girbin gero take ganinsa in tana zuba masa ruwa."

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? Kai da ko gyaran murya ka yi sai ta shige bayan rumbu? Suruka na kunyar suruki, ɗa na kunyar uba, uba na kunyar ɗa, kun taru ku uku za ku kashe mini yaro da ladabi. Gobe birni za mu. In ba za ka ba, ba ni jakinka in sayar."

Na so in yi gardama, amma tun muna yara ban taɓa cin Yaya Kande a magana ba. Aka sayar da jaki. Aka ɗauko mara lafiya a kan ƙyauren ɗaki, mutum huɗu suna karɓa-karɓa har bakin hanyar mota. Lokacin cinikin gyaɗa ne, muka samu wata babbar mota da direbanta ya yarda aka shimfiɗe shi a kan buhuna. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ya cije leɓe ya kai hannu bayansa. Ƙafafun da ke ta bugun katako kuwa ko kallonsu bai yi ba, ni kuma har lokacin ban gane komai ba.

Ban taɓa ganin taron marasa lafiya irin na asibitin birni ba. Kwana biyu muna layi, a rana ta biyu muna dab da taga aka rufe, aka ce sai gobe. Na ji haushi ba kaɗan ba, don a garinmu ni ake jira. Rana ta uku muka iso gaban akawu, bai ko ɗago kai ba.

"Sunan mara lafiya?"

Na dubi ƙasa.

"Malam, da kai nake. Ba ɗanka ba ne?"

"Nawa ne."

"To, sunansa?"

Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Mutanen baya suka fara tsaki. Yaya Kande ta ture ni da kafaɗa ta ce, "Rubuta Ilyasu, ɗan nan. Ubansa ya ajiye sunan a gida, yana tsoron kada ya ƙare." Layi ya kwashe da dariya, na rasa inda zan sa fuskata.

Likitan Bature ne, dogo mai jan wuya, da wani malamin asibiti Bazazzagi yana yi masa tafinta. Allah Ya saka wa malamin nan da alheri duk inda yake. Ba su fara da ƙafa ba. Suka juya shi, likita ya bi gadon bayan da yatsa gaɓa-gaɓa har ya tsaya a kan ƙullutun. Sannan aka mayar da shi rigingine, aka rufe masa ido da ƙyalle, likita ya ɗauko wata 'yar allura.

"Duk inda ka ji tsini, ka ce ka ji," in ji malam.

Ya tsikari tafin ƙafa, shiru. Ƙwauri, shiru. Gwiwa, cinya, mara, duk shiru. Sai da allurar ta wuce cibiya da kamar yatsa biyu ya zabura ya ce, "Wash! Na ji." Allurar da ko jini ba ta fitar ba. Nan take ƙaurin zauren nan ya dawo mini a hanci. Ashe ba dauriya ba ce. Ashe naman da ba ya ji nake ta ƙonawa, ina tara mutane su gani.

Likita ya kwance tsummokaran ƙafa, ya ga gyambunan nan bakwai, wuyansa ya ƙara ja. Ya yi magana da ƙarfi.

"Yana tambaya wa ya yi wannan aiki," in ji malam.

Zabirata tana ƙarƙashin riga, igiyarta a wuyana. Sai na ji murya daga kan gado, idonsa har yanzu a rufe da ƙyalle.

"Wani wanzami ne a kasuwa, ranka ya daɗe. Baƙo ne, ba mu san shi ba."

Malam ya juya maganar. Likita ya faɗi wata kalma guda a kan wanzamin kasuwar, malam bai fassara ta ba, ya dai dubi igiyar da ke wuyana ya kau da kai. Yaya Kande ta zuba mini ido, ta jira, ta jira. Na tsaya ƙiƙam ban ce uffan ba. A duk jinyar nan babu abin da nake jin kunyarsa kamar wannan shirun.

Bayan an ɗauki hoton bayan, an ba shi gado, malam ya ja ni wani ɗaki. A bango akwai zanen mutum ba fata ba nama, sai wasu fararen zaruruwa da suka sauko daga kai suka bazu ko'ina kamar saiwar gamji.

"Baba, ka taɓa sara gadon bayan rago?"

"Kowace Layya."

"Farin abin nan mai laushi da ke cikin ramin ƙashin fa?"

"Laka ke nan."

"To mutum ma yana da ita. Daga ƙwaƙwalwa ta taso, ta bi ta cikin ƙashin baya. Tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta jijiyoyi biyu ke fita, ɗaya dama ɗaya hagu. Na wuya su tafi hannuwa, na tsakiya su zagaye ƙirji da ciki, na ƙasa su gangara ƙafafu har ƙaramin yatsa."

Na ce ni ai jijiya na san ta, tun ina yaro nake kauce mata da aska. Ya ce waccan ta jini ce, waɗannan babu jini a cikinsu, labari suke ɗauka. Wasu su kai shi sama, cewa ga zafi, ga sanyi, ga ƙaya. Wasu su sauko da umarni, ɗaga, taka, tsaya. Akwai kuma waɗanda ba sa jiran a sa su, su ke kula da bugun zuciya da hanji da mafitsara, mutum na barci suna aikinsu. Ya ce ƙafa ba ta sanin zafi da kanta, sai labari ya isa kai.

Na yi ƙasa da murya na ce, "An ce wai ƙafar ta zabura ran da wanzamin ya sa ƙarfe."

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Za ta zabura. Wannan a laka ya tsaya ya juyo, bai kai sama ba." Ya ɗora yatsa a tsakiyar bayan zanen. "Cutar tarin fuka ce ta ci ƙashi biyu a nan, don ba kullum a huhu take zama ba. Suka durƙushe, suka danne laka. Ka san in rafi ya cinye gada da damina, garuruwan ƙetare suna nan lafiya, sai dai ba mai zuwa ba mai dawowa. Ƙafafun ɗanka lafiyarsu ƙalau, Baba. Ko in ce, da lafiyarsu ƙalau."

Aka yi masa wani makwanci na farar ƙasa da suke kira filasta, daidai bayansa, aka ce a ciki zai zauna rigingine, ba tashi, ba juyi sai an juya shi, ga allura kullum safiya, ga ƙwayoyi. Ɗakin maza ne, ba a barin mata sai lokacin ziyara. Yaya Kande ta sami wuri a gidan wata 'yar garinmu tana dafo mana abinci, jinya ta faɗo kaina. Ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ni ne mai kawar da tukunyar fitsari, mai goge shi, mai shafa masa mai a kafaɗa da ɗuwawu kada kwanciya ta ci shi. Makon farko kunya kamar ta kashe mu mu biyu. Shi ya rufe fuska da hannu, ni in kalli taga. Abincin asibitin ba na yabonsa har gobe, kununsu ruwan wankin ƙwarya ya fi shi kauri, kuma akwai wani mai shara da tsintsiyarsa ba ta motsi sai ta ga goro. Amma allurarsu ba ta taɓa fashi ba, ko ran Lahadi. Bayan jaki awaki suka bi, gyaɗar shekarar ma a can ta ƙare, kuma ban yi baƙin cikin ko ɗaya ba.

Malam ya ba ni aiki. Ya miƙo mini gashin kaza guda, ya ce kowace safiya in bi jikin da shi daga ƙafa zuwa sama, ina tambaya, in sa alama da gawayi inda ya fara ji. Ina jin da gangan ya yi. Ranar farko na juya na ce wa bango, "A tambayi wancan ko ya ji." Wani tsoho mai karyayyen ƙugu da ke gadon kusa ya ce, "Malam, bangon nan tun da na zo ban ji ya amsa wa kowa ba." Dole na juyo na ce, "Ka ji?" Ya ce, "A'a, Baba." Tambayar farko ke nan da na yi masa a duniya, yana da shekara ashirin da biyu.

Wata guda cur alamar gawayi ba ta gusa daga saman cibiya ba, har na fara fid da rai. A mako na shida ta sauko yatsa ɗaya. Daga nan ta riƙa gangarowa a hankali, wani mako yatsa biyu, wani mako ko kaɗan. Fitsari ya koma yi masa sallama kafin ya zo. A wata na uku ya ce wa babban yatsan dama motsa, ya motsa, Yaya Kande ta raba ƙosai sadaka a bakin ƙofar asibiti. Gyambo shida suka rufe. Na bakwai, na bayan diddigen hagu, ya riga ya ci har agara. Likita ya ce ko ya warke agarar za ta tsuke, diddigen ba zai ƙara taka ƙasa ba. Ya sake wanke wanzamin kasuwa tas, ina tsaye kusa da shi riƙe da kwanon ruwa.

A wata na biyar, wata safiya, malam yana wanke gyambon da ruwan magani kamar kullum, na fita baranda shanya zane. Sai na ji ƙara, irin wadda na sa mutum huɗu su tare a zaurena ba ta zo ba. Ban san lokacin da na yar da zanen ba, na shigo a guje ina ture masu jinya.

"Ilyasu! Ilyasu, mene ne? Ina ke maka ciwo?"

Na isa bakin gadonsa. Yana haki, hawaye na bin kunnuwansa, ya ce, "Diddigen ne, Baba. Kamar wuta." Malam ya ajiye auduga yana murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi, labari ya isa." Wutar da na sa masa tun kaka, sai ranar ta same shi.

Da malam ya gama ya wuce, na zauna a bakin gadon, ba a ƙasa inda na saba ba. Tunda baki ya riga ya buɗe, na ce bari in ƙarasa.

"Ran da na sa maka ƙarfe, ka san ba ka ji. Me ya hana ka faɗa?"

Ya amsa idonsa na kan rufi.

"Na so in faɗa, Baba, tun a ta farko. Sai na ji kana cewa ni namiji ne, ko kai ba ka kai ni ba. Ban taɓa jin ka yi maganata ba sai ranar. Na ce in na faɗa za ka janye."

Na kama ƙafar da hannu biyu na sunkuyar da kai, na yi kuka a gaban maza, tsohon nan mai bakin tsiya ma bai ce komai ba.

An sallame mu dab da wata kakar, yana dogara sanda biyu. Yau ya yar da su, yana nomansa, ya yi 'ya'ya, kuma na ga yana kiran babban da sunansa, ban hana ba. Likitan ya koma ƙasarsu ban faɗa masa gaskiya ba, saboda haka bari in faɗa a nan: wanzamin kasuwar nan ba baƙo ba ne, ni ne, Audu. 'Yan'uwana masu zabira, ku sa gashin kaza kusa da aska. In kun taɓa mutum da ƙarfe bai motsa ba, kada ku yabe shi, ku ajiye ƙarfen ku duba bayansa, ku kai shi inda aka fi ku sani. Iyaye kuma, kunya ado ce, ban ce a yar ba, amma ran da ɗa ya kwanta a ajiye ta a ƙofar ɗaki.

Kullum da safe in na fito nakan ga sawunsa a tsakar gida, na dama cikakke, na hagu rabi. Sai in tsaya in ce, "Ilyasu." Ya amsa daga ɗaki, "Na'am, Baba." Sau da yawa ba ni da abin da zan ce masa, so nake dai ya ji.